Na Je Taɓo wa Baba Iliya Fiffiken Jirgi

Tun da na dawo 'yan fadarmu ta shayi a unguwar Zariya ta Maraɗi suka hana ni sakat. Wai da gaske na bi motar albasa har ƙasar Ibo don in kalli mataccen jirgi? Wai da gaske an kama ni a kan iyaka? Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda na ba sai ya je ya ƙara masa gishiri. Jiya ma na ji wani yana rantsuwa cewa na tuƙa jirgin. To ga shi na rubuta, mai tambaya ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Dole in fara da Baba Iliya, don shi ya aike ni. Mutumin Tsibiri ne, Kirista, kuma shi ne maigidana da ya koya mini aikin toliye, wato buga jikin mota da fitar da lanƙwasa. Duk Maraɗi an san hannunsa. In ya goge wuri, ko da tafin hannu ka bi ba za ka gane inda aka yi walda ba. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne tudu a jikin ƙarfe, mun sha ranƙwashi a kan haka lokacin muna koyo. Samfefar goge ƙarfe ba ta barin aljihunsa ko ranar Lahadi da zai shiga majami'a.

Da ya ajiye aiki sai ya kama ƙera ƙananan jirage masu tashi da batir da rimot. Masu miƙaƙƙen fiffike duk sun tashi sun sauka lafiya. Amma akwai wani hoto da ya daɗe manne a bangon garejinsa, yagaggen shafin tsohuwar mujalla: jirgin yaƙi na zamanin da, hanci a buɗe kamar bakin tulu, fika-fikai kwance zuwa baya irin na tsattsewa. Shi ya shiga ransa. Ya ƙera shi da farin soson nan da ake naɗo sabon firij da shi. A hoton akwai wasu layuka a bisa fiffiken, na taɓa nuna masa, ya ce ɗinkin walda ne da malalatan maƙera suka ƙi gogewa, shi ba zai kwaikwayi ƙazamin aiki ba. Nasa fiffiken ya fito sumul.

A sama jirgin nan ba shi da na biyu. Sauka ce ta gagare shi. Da zarar na rage masa gudu, don ni nake riƙe rimot, sai ya ɗaga hanci kamar bunsuru zai yi tunkuyi, ya juya gefe, ya faɗo. Mu gyara, ya sake. Faɗuwar ƙarshe a Jiratawa aka yi ta, tsakiyar fangalin albasar Alhaji Mati, wanda gonarsa kaɗai ke da shimfiɗar da za ta ishe mu. Alhaji ya yi faɗa har rawaninsa ya kwance, daga baya ya huce ya ce sau ɗaya ya rage mana: bayan an gama cire albasa, kafin a sako ruwa don shukar gaba.

Ba gonar ce ta hana ni barci ba, idon Baba ne. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage kuma yana bin sa a hankali. Shi kuma buri ɗaya ya rage masa, ya ga jirgin nan ya sauka a kan cikinsa bai karye ba.

Ana cikin haka sai Mamman direba, wanda ke kai albasar Jiratawa kudancin Najeriya, ya leƙo gareji ya ga hoton. Ya ce ai ya san jirgin nan, yana nan ajiye a filin wani gidan tarihin yaƙi kusa da inda yake sauke kaya. Na san wani zai ce me ya hana mu duba a waya. Mun duba, muka tarar da Turancin injiniyoyi da zane-zane, Baba ya ture wayar.

"Sale, tahi ka taɓo mini shi," in ji shi. "Ni ban yarda da ƙarhen da hannu bai bi ba, kuma idona ba shi kai ni can."

Na naɗe fiffike ɗaya na jirginmu a tabarma don in gwada da na gaskiya, na hau bisa lodin farko na albasar bana. Sauran albasar tana ƙasa ana cirewa, wato agogona ya riga ya fara tafiya.

Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa ba wani abu, hanyar gida ce. A kan iyaka ne aka fara. Wani jami'i ya zo yana zungurar buhuna, ya ga tabarma, ya ce a kwance. Da fiffike ya bayyana sai wurin ya yi tsit, har mai sayar da rake ya matsa baya. Ni sam ban tuna cewa zamani ya canza ba, yanzu duk abin da ya yi kama da jirgi marar matuƙi tsoronsa ake yi. Aka zaunar da ni a benci, aka kira babba, babba ya kira nasa babban. Ina zaune ina kallon rana tana tafiya. Mamman ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Abin da ya cece ni hoton da ke cikin wayata ne, wanda aka ɗauka ranar faɗuwar Jiratawa: jirgi ya kafa hanci cikin laka, Alhaji Mati tsaye a kansa da kwantaccen rawani yana nuna sama. Babban nasu ya daɗe yana kallo, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce in dai wannan ne makamin, to albasa kaɗai ke cikin haɗari, in naɗe kayana in wuce.

Muka bi ta Jibiya da Katsina, muka wuce Zariyar asali, wadda unguwarmu ta ari sunanta, ban ma samu na sauka na gaishe ta ba. Wanda bai taɓa tafiya bisa albasa ba ba zai gane ba. Da safe ƙamshi ce, da rana ta take sai ta koma wani abu dabam. Ta shiga rigata, ta shiga gashina, har ruwan da na sha ɗanɗanonta gare shi. Ga shingayen hanya ba iyaka, kowane sai an tsaya, kuma Mamman mutum ne da bai san sauri ba. Yana da aboki a kowane gari, kowane aboki kuma sai an sha shayinsa. Na ce masa ruwa na nan zuwa Jiratawa, ya ce mota mai lodi ba a yi mata tsawa.

Gaba da garin Lafiya taya ta fashe, aka cire, aka ga ta ajiya ma ba iska. Mamman ya hau kabu-kabu ya tafi neman mai faci, ya bar ni gadin albasa a gefen daji. A nan Inna Rahila, matar Baba, ta kira ni. Ta tambayi hanya, ta tambayi abinci.

"Yau sai da niy yi magana kana ya san ni ce," ta ce. "Ka hanzarto, Sale."

Na kasa zama. Na zagaya motar nan har na yi wa ciyawa hanya. Tsoro ne ya kama ni sosai, ba na daji ba, na kada in koma da amsa in tarar ba mai ganinta.

Da muka hau gadar Binuwai na manta da damuwata na ɗan lokaci. Mu da muke kiran namu Gulbi, wanda rabin shekara yashi ne ake tuƙa amalanke a ciki, ya kamata mu riƙa faɗin sunan a hankali. Daga nan ƙasa ta rufe da kore, sama ta rufe da hadari, kuma na fara ganin manyan hotuna a bakin hanya: dattawa cikin jar hula, tsofaffin mata cikin ado, kowa da rubutu a ƙasansa. Na ce wa Mamman lalle zaɓen nan zai yi zafi, har tsofaffi tukuf sun fito takara. Ya kusa sakin sitiyari don dariya. Ashe sanarwar mutuwa ce. Su a can mamaci yakan daɗe a ajiye ana shiri, a buga hotonsa, a ɗinka anko, a kira makaɗa. Na tuna yadda mu muke yi, mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta ana zaman makoki a tabarma. Ban ce nasu ba daidai ba ne, amma na yi ta mamakin yadda suke iya jira. Ni ko facin taya na kasa jira.

Masaukinmu zangon 'yan albasa ne, wata doguwar rumfar kwano a bayan kasuwa. Rabin mutanen ciki 'yan wajenmu ne, har na tarar da wani ɗan Tsibiri da ya san Baba, ya ce shi ya gyara masa ƙofar motarsa ta farko. Aka ba ni buhunan wofi na shimfiɗa. Ruwan sama a can ba ya sallama, yana sauka a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa, sauro kuma ƙato ne mai zuciya.

Abinci ma sai da na sha kunya. Na gaji da shinkafar zango, na shiga rumfar wata mata mai tuwon rogo da suke kira akpu. Na fara gaishe ta yadda aka saba, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ruwa. Ta tsaya da ludayi a hannu tana jiran in faɗi abin da nake roƙo, don su gaisuwarsu kalma ɗaya ce a wuce wurin. Na nuna kifi, don ban san asalin naman ba. Da tuwon ya zo na gutsura na kama tauna, ya manne mini a dasashi, na rasa yadda zan yi da shi. Matar ta zo ta zauna gabana, ta mulmula loma, ta tsoma a miya, ta haɗiye tana nuna maƙogwaronta. Haka ta koya mini kamar mai yaye. Miyar kuwa, ta ganye mai ɗaci, ban ƙi a ƙara mini ba.

Washegari na ɗauki tabarmata na nufi gidan tarihin. Tun daga ƙofa na hango shi. Yana tsaye a fili cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, fenti ya kwaile, tayoyi sun sace, tsuntsaye sun yi sheƙa a hancinsa. Shi ne dai na bangon Baba. Na ji kamar na ga wani ɗan'uwa da aka daɗe ana ba ni labarinsa. Sai na matsa, na ga an kewaye shi da igiya, ga allo da hoton hannu an ja masa jan layi. Wato ba a taɓawa. Na ratsa ƙasa guda don in taɓa abu, an ce in kalla.

Ina ta zagaya igiyar, in leƙa ta nan in leƙa ta can, sai na ji an ce da Hausar Kano tsantsa, "Malam, ka yi ɓatan wani abu ne?" Wani dattijo ne Ibo a kan kujerar roba, da lema a hannu. Sunansa Mista Eze, a Sabon Garin Kano aka haife shi, ya yi aikin gyaran jiragen sama har ya yi ritaya, yanzu shi ke zagayawa da baƙi. Na kwance tabarma na nuna masa fiffikenmu, na ba shi labarin Baba tun daga samfefa har zuwa ido. Ya karɓa ya shafa, ya juya shi, ya ce bai taɓa ganin hannu mai tsabta haka ba. Sannan ya tambaye ni ko jirgin yana ɗaga hanci in zai sauka. Na ce wa ya gaya masa?

Ya ce ba wanda ya gaya masa, ciwon ya girme mu duka. Wai bayan babban yaƙin duniya, da aka samu injin da ke tura jirgi kusa da gudun sauti, sai miƙaƙƙen fiffike ya fara gardama, jirgi ya yi ta karkarwa yana ƙin jin linzami. Masana suka gano cewa in an kwantar da fiffiken baya, iska takan yi masa sauƙi. Amma ba wanda ya san iya kwanciyar da ta dace, sai gwaji. Wasu suka ɗaura irin wannan fiffike a jikin tsohon jirgi mai farfela don su ga halinsa. Wasu suka ƙera wanda ake kwance fiffikensa a ƙasa a ƙara masa kwanciya ko a rage kafin a sake gwadawa. Suka samu gudun da suke nema, sai kuma sauka ta zama abin tsoro. In jirgi ya rage gudu, iskar da ya kamata ta bi fiffike daga gaba zuwa baya sai ta zame ta bi tsawonsa ta tsiyaye ta ƙarshe. Ƙarshen fiffike ya saki, shi kuwa yana can baya, sai hanci ya tashi. Ya ce matuƙan gwaji da dama ba su koma gida ba a kan wannan. Wannan da ke gabanmu jikan waɗancan ne, an haife shi bayan an sha wuya.

Ya miƙe ya ɗaga igiyar da kan lemarsa. "Daga Nijar ka taho saboda wannan? Shigo, ni na ce. Sa hannunka a nan."

Na sa. Layukan nan na hoto ba walda ba ce. Wasu 'yan katangu ne na ƙarfe, tsaye a bisa fiffiken daga gaba zuwa baya, an kafe su da ƙusoshi a jere, da gangan, da kyau. Su ke tare iskar kada ta zame. Nan take Jiratawa ta faɗo mini a rai. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san in gona ta karkata ruwa gudu yake yi ya taru a ƙarshe, sai an tayar masa da 'yan tudu an raba shi fangali-fangali. Muna tsaye a kan amsar duk lokacin da jirgin ya faɗo, har laka ta shafe mu da ita. Na rufe ido na bi katangar da yatsa daga farko har ƙarshe, yadda Baba zai yi, don hannuna ya riƙe abin da zai kai masa.

Mista Eze ya ƙara mini da wata dabara ta mutanen farko. Ya ce sukan manna gajerun zare a bisa fiffike su ɗauki hotonsa a cikin iska, zaren ya nuna musu inda take bi. Ban tsaya cin abinci ba, na koma zango na tayar wa Mamman da hankali har ya haƙura da rabin lodin manjan da yake jira.

A hanyar dawowa na warware zare daga buhun albasa na manna a fiffikenmu, na hau can bisa jarkokin manja na ɗaga shi sama. Da na ɗan ɗaga gabansa sai ga zaren duk sun karkata waje, na ƙarshen suna rawa kamar sun sha wani abu. Na yanka gwangwanin madara na kafa masa katanga, na sake ɗagawa. Zaren suka kwanta. Na yi ta yi, in cire in mayar, tun daga Binuwai har Katsina. Mutanen gefen hanya suna nuna ni, wata mota ma ta rage gudu aka miƙo mini biredi, ina jin sun ɗauka taɓin hankali ne. A kan iyaka jami'in nan ya gane ni, ya tambaya ko albasa ta samu lafiya.

Ban biya gida ba, Tsibiri na wuce da warina. Baba yana zaune a ƙofar gareji, bai san ni ne ba sai da na yi sallama. Na ɗora masa fiffiken a cinya, na kama yatsansa na bi da shi kan gwangwanin, na faɗa masa duk abin da na gani. Na san abin da ke cin sa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kashe tudu, yau an ce masa tudu ne maganin. Daga ƙarshe ya ce gwangwanin madara ba zai hau jirginsa ba, a kawo alminiyo, shi zai yanka da kansa. Da lalube ya yanka, kuma sun fi nawa daidaito nesa ba kusa ba. Sai dai sau biyu ina kama shi yana rage musu tsawo da samfefa, wai yana cire kaifi ne kawai. Sai da Inna Rahila ta zauna gadinsa.

Ranar da muka je Jiratawa an riga an buɗe ruwa a gonakin sama, ana jin motsinsa a babbar kwata. Alhaji Mati ya ce mu yi abin da za mu yi kafin ya iso. Ƙasa ta bushe, an share ta, sai ɓawon albasa. Muka zaunar da Baba a kujera. Na harba jirgin.

Ya tashi yadda ya saba, ya yanki sama. Baba ya ɗaga kai yana bin ƙarar, amma na lura idonsa yana inda jirgin ya baro.

"Ina shi kai, Sale?"

"Shina bisa mangwarorin Alhaji, Baba. Zan juyo da shi."

Na juyo da shi, na fara rage gudu. Ya zo daidai inda kullum yake yi mana tsiya. Hancin ya ɗan motsa, ya tsaya. Ya taho a hankali, a miƙe, ya shafi ƙasa da cikinsa, ya ja ɓawon albasa ya tsaya. Ba a ji ƙarar karyewar komai ba. Alhaji Mati ya yi hamdala da ƙarfi, ina jin don gonarsa.

Baba bai motsa ba. Na san bai gani ba, kuma ya san na sani. Na ɗauko jirgin na ɗora masa a cinya, hawaye na zuba mini ban damu da ɓoyewa ba. Ya shafa hancin, ya shafa cikin, ya bi fika-fikan biyu yana neman tsaga bai samu ba. Yatsansa ya zo kan katangar ya tsaya. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da samfefa. Ya riƙe ta jim, sannan ya lalubo hannuna ya danƙa mini ita.

"Har yanzu ƙazamin aiki ne dai," ya ce. "Ruwan bai iso ba ko? Sake tashe shi in ji."